Ruwan randa da ɗan wata uku: yadda aka kwana a Zauren Zumunci

Maman Sultan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau kam sai na yi magana, in ba haka ba abin zai ci ni a ciki. Na dawo daga koyarwa a lakwal da azahar, na tarar da uwar mijina ta tallabe yarona ɗan wata uku tana ɗura mishi ruwan randa da ludayi, ga kwanon bauri nan gefe an riga an ba shi. Nonon da na tatsa tun da asuba na rufe cikin kofi a firiji, ko taɓa shi ba a yi ba. Da na yi magana sai ta ce a wannan zafin na Afrilu babba ma bai iya awa guda bai sha ruwa ba, balle jinjiri. Mu kuwa tun a wurin awo aka ja mana kunne, nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa a'a. Ga shi tun la'asar yaro yake zawo. Maigida ya ce in yi haƙuri, uwa ce. Don Allah ku ba ni shawara, yaya zan yi in tsai da wannan ƙauyancin ba tare da gida ya ɗauki wuta ba?

Uwar 'Yan Biyu: Wayyo, sannu 'yar'uwa. Allah shi ba shi lafiya. Kar ki daina ba shi nono.

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Amma ƙanwata, ƙauyanci kika ce? Wace ce baƙauyar? Matar da ta haifi mijinki, ta goya shi, ta yaye shi, ya girma har ya kai miki sadaki?

'Yar Jiratawa: Na gode Yaya, ka riga ni. Mu da aka yanke wa cibi a ƙauye mun ji wannan magana har cikin ƙashi. Hatsin da kuke dakawa a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na birnin Maradi daga ina yake zuwa? Nonon shanun da kuke dama hura da shi fa? In abu ya yi daɗi na birni ne, in ya ɓaci na ƙauye ne.

Maman Sultan: Ni ban zagi ƙauye ba. Kakata ma a Madarunfa take. Ɗabi'ar nake nufi.

Ɗan Tibiri: To ai gara ki ce kuskure. Kina da kalmomi cike da baki, malamar lakwal guda, kika zaɓi wannan.

Baban Nana: Ni dai da bauri aka goya ni, ga ni nan ina ɗaukar buhun masara a kafaɗa. Wa ya taɓa ganina kwance a likita?

Madam Ungozoma: Ku dakata da maganar ƙauye tukuna, akwai yaro mai zawo. Maman Sultan, ki duba maɗigarsa. In ta faɗa ciki, ko idanunsa sun zurma, ko ya ƙi kama nono, ko kika ga jini a kashin, kar ki jira safiya. Ko babu ko ɗaya ki kai shi CSI, asibitin unguwa, da sassafe, ɗan wata uku ba a wasa da zawonsa. Kafin nan ki yi ta ɗora shi a nono, duk sanda ya buɗe baki.

Maganar ƙishi kuma, Inna ba ta yi ƙarya ba da ta ce ana zafi, Maradi a wannan wata tana wuce 40. Sai dai ruwan da take nemar wa yaron yana cikin nonon. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa in yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, mai kaurin yana biyowa baya. Shi ya sa da bazara jinjiri ke yawan neman nono yana sakewa da wuri, ruwansa yake sha. Uwar ce za ta sha na randa. Alamar ya wadatu ita ce fitsari: in yana jiƙa zane sau shida ko fiye a wuni da kwana, fitsarin ba ja ba, to ba ya jin ƙishi. Illar ruwan kuma biyu ce. Cikinsa ƙarami ne, in ruwa ya cika shi nono ya rasa wuri, in ya rage tsotso nonon uwar ya ja baya, sai a ce ai dama ba ta da nono. Ta biyu, duk abin da ke cikin randar da ludayin da hannun da ya riƙe ludayin ya shiga cikin yaro.

'Yar Jiratawa: Madam, wato randarmu ce mai datti ke nan?

Madam Ungozoma: Ban ce randarku ba. Randar kowa. Har ta gidana.

Ɗan Tibiri: Madam mun ji karatu, Allah shi saka. Amma ba wannan ake magana ba. Tambaya ita ce, ya halatta suruka ta kira uwar mijinta baƙauya a gaban jama'a?

Maman Sultan: Innalillahi. Yaushe na kira ta haka? Ku koma sama ku karanta.

Hajiya Babba: Na karanta ɗiyata, sau biyu ma. Ni tsohuwa ce, ina da surukai ukku a gidana, bari in hwaɗi abin da ke raina. Ku ɗiyan zamani kun ɗauka mu ba mu san komi ba. Wa ya yi muku wankan jego kwana arba'in, da ganye da ruwan zahi, safe da marece? Wa ya dama muku kunun kanwa? In yaro ya kwana kuka wa ke tashi da shi ku kuna barci? Mu ne. Amma in aka zo maganar abin da zai shiga bakin jikanmu sai a ce mu ja gefe, takarda ta ce. Kuma ni abin da ya ɗaure mani kai, mace ta zauna ta tatsi kanta kamar saniya ta zuba a kofi ta tahi aiki, wannan shi ne wayewar?

Uwar 'Yan Biyu: Haba Hajiya, ranki shi daɗe, wannan ta yi nauyi. To ta bar aikin? Ke kin san albashinta na cikin abin da ake cefane da shi.

Ɗalibi: Ina neman afuwar manya in sa baki. Dokar aiki ta Nijar mako 14 ta ba mai haihuwa hutu, wato wata uku da 'yan kwanaki, kuma wani ɓangare ana cinye shi tun kafin a haihu. Likita kuma ya ce wata shida. Ku lissafa da kanku, wa zai cike ragowar? Ko dai ta tatsa ko a ba yaro wani abu. A Norway iyaye suna samun mako 49 da cikakken albashi, shi ya sa su ba sa wannan rigimar.

Baban Nana: Yaro, Norway suna da uwar miji a tsakar gida?

Ta Liyon: Salamu alaikum, yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙo ya fi ɗari. Ku bar ganin Turawa kamar sun gama da wannan matsala. Nan Faransa hutun haihuwar fari mako 16 ne, kuma suna cikin na baya a Turai wajen shayarwa. Da yawa tun daga asibiti suke fita da bibero, kwalbar ba jariri madara. Na taɓa ba 'yata nono a cikin jirgin ƙasa, da mayafina da komai, wata tsohuwa ta yi ta harara ta har na sauka. A gida kuwa a tasha, a kasuwa, a gidan biki, mace ta ciro ta ba ɗanta, ba mai ɗaga kai. Wannan mun fi su, ba ko tantama. Matan Nijar kusan duka suna shayarwa, har shekara ɗaya da rabi da fiye. Inda muke faɗuwa shi ne ruwan nan da jiƙe-jiƙen farkon watanni.

Hajiya Babba: Kun ji ko? Wadda ke cikinsu ta ce mun hi su.

Ta Liyon: Hajiya ki ƙarasa karantawa, akwai sauran magana a ƙasa.

Ɗalibi: Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Ruwanda, ƙasar Afirka kamar tamu, sun haura kashi 80. Kuma mujallar likitoci ta Lancet a 2016 ta ƙiyasta cewa da za a shayar yadda ya kamata a duniya, yara sama da 800,000 za su tsira duk shekara.

Ɗan Tibiri: Ruwanda ƙasar duwatsu da sanyi. Ka kai su Dakoro a watan Mayu mu gani.

Baban Nana: Wa ya ƙirga su? Ni ba wanda ya zo gidana ya tambayi matata.

'Yar Jiratawa: Ni har yanzu ba a ba ni amsa ba. Tunda ruwa ƙauyanci ne, madarar gwangwani da matan birni ke saye a farmasi jikkuna-jikkuna, ita mene ce? Na ga gidan da ake auna cokali ɗaya inda aka ce uku don gwangwani ya kai ƙarshen wata. Bibero na yawo cikin jaka tun safe har marece, ƙuda na bin bakinsa. A ƙauye ba mu yin wannan. Wane suna za ku ba shi?

Madam Ungozoma: Nan kam kin faɗi gaskiya. A wurin awo ina ganin matan Sabon Gari da na Mokoyo suna ba ɗan wata biyu piyawata, wai ai mai tsabta ne. Ba birni ba ƙauye a wannan abu. Madarar gwangwani kuma tsohuwar rigima ce ta duniya, tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallata ta ga iyaye mata, saboda jariran da suka yi ta mutuwa a ƙasashen da ruwa ba shi da tsabta. A Sin a 2008 an zuba wa madarar jarirai wani sinadari, melamin, yara shida suka rasu, kusan 300,000 suka kamu da ciwo. A Amurka a 2022 masana'anta guda aka rufe, madara ta yanke a kantuna har sai da jiragen soja suka yi jigilarta daga Turai. Tana da ranarta, in uwa ta rasu ko likita ya ga dalili, amma ba abin ado ba ce.

Maman Sultan: Ni ban taɓa ba shi madarar gwangwani ba. Me ya kawo ta cikin maganata?

'Yar Jiratawa: Abin da ya kawo ƙauye cikin taki.

Malam na Limanci: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na so in yi shiru amma an taɓo hakkin iyaye. Allah ya ce a Suratul Baƙara aya ta 233 iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma a ayar nan ya ɗora ci da tufatar mai shayarwa a kan uban yaro. To maza, kafin ku yi ta gardama ku tambayi kanku me mai jegonku ta ci yau. Wata shida ba ruwa kuma, wannan fannin likitoci ne, ban ga abin da ya saɓa wa shari'a a ciki ba. Amma tauna dabino a shafa a dasashin jariri sunna ce tabbatacciya, kar wani ya zo ya ce mana ita ma ƙauyanci ce.

Madam Ungozoma: Malam, shafawa a dasashi daban, cika ciki da ruwan rubutu kwana uku ana zubar da dakashi daban. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da ake cewa ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko na yaro, cikin awa guda da haihuwa ake so ya kama. Har yau akwai gidan da ake tatsa a jefa tururuwa ciki, in ta mutu a ce nonon yana da ƙaiƙayi, a hana yaro. Tururuwa in ta faɗa kunu ma ai mutuwa za ta yi. Ba mu kaɗai ba ne, a sassan Indiya ma ana zubar da shi a ba jariri zuma, ita kuwa zuma ba a ba yaron da bai shekara ba.

Hajiya Babba: Madam, ke ma uwarki ta yi miki gwajin tururuwa, ki tambaye ta.

Ta Liyon: A Birazil fa har rumbun ajiyar nono gare su, sama da 200 a faɗin ƙasar. Mai yawan nono ta tatsa ta bayar, a gwada, a dafa shi sama-sama don kashe ƙwayoyin cuta, a ba bakwaini a asibiti.

Malam na Limanci: A'uzu billahi. Nonon wa? A haɗa na mata goma a ba yaro, gobe ya auri 'yar'uwarsa ta shayarwa bai sani ba? Shayarwa tana haramta abin da nasaba ke haramtawa. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi, amma an san ta, an san 'ya'yanta. A mazhabarmu ta Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro ya haramta.

Ɗalibi: Malam, Shafi'iyya sun ce sai sau biyar.

Malam na Limanci: A Maradi kake ko a Misira?

Ɗalibi: Ina nufin akwai saɓani ne kawai, Allah shi gafarta Malam.

Ɗan Tibiri: Kun gani? Daga an ce uwa baƙauya ce yanzu an kai ga gyara wa malamai karatu. Haka abin yake farawa.

Uwar 'Yan Biyu: Yaya Ɗan Tibiri, tunda kai ne lauyan tsofaffi, bari in tambaye ka. Wa ke sa a yaye yaro dare ɗaya in uwar ta yi rurrutsa? A ce nonon ciki guba ne, a shafa wa nono barkono ko maɗaci, a ɗauki yaro ɗan wata goma a kai shi gidan kaka, ya yi ta kuka kwana da kwanaki, bayan wata biyu a gan shi a layin tamowa ana auna mishi damtse. Mu da muka ga yunwar 2005 a garin nan, da tantunan masu ba da agaji cike da yara, ba mu son a sake. Kuma rurrutsar wa ke jawo ta, matar ita kaɗai?

Baban Nana: To fa. An dawo kanmu.

Madam Ungozoma: Nonon mai ciki ba guba ba ne, in cikin lafiyayye ne tana iya ci gaba, ta dai ƙara cin abinci. Kuma ga abin da maza ya kamata su ji: matar da ke ba da nono zalla dare da rana, yaro bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo mata ba, da wuya ƙwarai ta ɗauki ciki. Da an fara ruwa da kunu tsotso ya ragu, wannan kariyar sai ta tafi.

Baban Nana: Wato ludayin Inna ne ke kawo ƙane? Yau na ji sabon karatu.

'Yar Jiratawa: Biskit ɗin da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut, gujiya ce fa da madara da sukari. Gujiyar wa? Ta manoman ƙauye. Kuma wa ke saye a kasuwa yana ba 'ya'yansa masu ƙiba suna lasa? Ba mu ba.

Uwar 'Yan Biyu: Wa ke sayarwa?

'Yar Jiratawa: Ki faɗi sunan wanda kike nufi mana.

Maman Sultan: Jama'a, tambaya ɗaya na yi. Gobe da safe zan kai shi likita, jibi zan koma aji, Inna za ta zauna da shi. Me zan ce mata?

Madam Ungozoma: Kar ke ki ce mata komai. Ku taho tare da ita gobe, ita ta riƙe yaron a ɗora shi a sikeli, ta ji daga bakin ma'aikaciya. Ɗanta kuma shi ne zai yi mata magana a gida, ba ke ba, daga bakinsa nasiha ce, daga naki raini ne. Ki nuna mata yadda ake ba da tatsattsen nono da ƙaramin kofi, a sa kofin cikin ruwan ɗumi ya huce sanyi, ba a ɗora shi a wuta. In an ɗauke wuta firiji ya huce, kar a ajiye shi ya wuni. Ki roƙi shugaban lakwal ki riƙa leƙowa gida lokacin hutun tsakar rana. Tsohuwa so take hannunta ya yi wani abu in yaro na kuka, ki ba ta abin yi.

Ɗan Tibiri: Kafin duk wannan ta fara janye kalmar.

Maman Sultan: Sai da safenku.

Hajiya Babba: To jama'a dare ya yi, a matsayina na mai kula da zaure bari in tattara abin da aka cimma, don waɗanda za su tashi da asuba su tarar da saƙo tuli. Ɗiyarmu Maman Sultan ta kawo ƙorahi a kan uwar mijinta, ta yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, kuma kusan kowa ya yi tir da ita. Shawarar zaure ita ce ta tahi ta durƙusa ta ba Inna haƙuri tun magana ba ta kai kunnen dangin miji ba. Malam ya kawo aya, shayarwa shekara biyu ce, wata shida ba ta cikin Alƙur'ani. Ɗiyarmu ta Faransa ta shaida da bakinta cewa mun hi Turawa iya goyo. An tabbatar madarar gwangwani ta 'yan birni ta kashe yara a Sin, bauri kuwa ba wanda ya kawo sunan yaro ɗaya da ya kashe. Ita kanta Madam ta yarda ana zahi, ta kuma yarda tsohuwa ce ta san hannun yaro, ta ce a bar mata shi. Maganar ruwa, likita na da nasu mu ma muna da namu, kowa ya yi abin da ya hisshe shi. Ɗalibi kuma ya riƙa tauna magana in manya na wuri. 'Yan adashe ku tuna zubin wannan mako na ranar Juma'a ne, wadda ba ta kawo na wancan ba ta san kanta.

Madam Ungozoma: Hajiya ban ce haka ba. Cewa na yi kar a ba shi ruwa ko bauri sai ya cika wata shida, kuma a

Hajiya Babba ta sauya tsarin zaure. Masu kula da zaure ne kawai za su iya tura saƙo.